Tuwon da Ya Jira Magariba

Solomon ya daina cin abincin gidansa a makon farko na watan Ramadan, wanda a shekarar ya faɗo cikin tsananin zafi. Matarsa Saloma ba ta kawo azumi a ranta ba, domin su Kiristoci ne, kuma cocinsu ba ta sa kowa azumi a lokacin ba. Wani abu dabam ta tuna.

Shekarun baya kaɗan, bayan ya bar aikin soja ya dawo Zuru, Solomon ya yi ciwon taɓin hankali, kuma da abinci ciwon ya fara. Ya riƙa ture kwano yana cewa ya ƙoshi. Daga baya ya tsaya a tsakar gida ya shaida wa maƙwabta cewa matarsa tana zuba masa wani abu a miya. Ba ya cin komai sai abin da ya saya da hannunsa a cikin leda. Wansa Michael ya zo daga Dabai da maza, suka ɗaure shi da igiya, suka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa can wajen Sakkwato. Ya yi watanni a can. Ya dawo da tabon igiya a wuyan hannu da ƙwayoyin magani, ɗaya da safe ɗaya da dare.

Tun daga nan magani yake hannun Saloma. Ita take karɓo shi a wajen Keziah, nas ɗin ƙaramin asibitin unguwarsu, ita take kulle shi a akwati, ita take miƙa masa. Keziah ta gaya mata abu biyu da za ta riƙa lura da su, ci da barci. Ta ce in ɗaya ya canza a sanar da ita, in duka biyun suka canza kada a jira.

Aiki ya yi wa Solomon wuyar samu, duk da cewa a sashen gyaran injuna ya yi sojansa. Lukuman, mai garejin gyaran janareto da injin ban ruwa a kusa da tasha, shi kaɗai ya ɗauke shi. Lukuman bai ɓoye wa Saloma komai ba. Ya ce yana son aikin Saje, kamar yadda ake kiran Solomon a garejin, amma akwai masu kawo gyara da suke tambaya ko wannan ne wanda aka ɗaure. In aka sake ɗaukarsa, ba zai iya ajiye masa gurbi ba.

Yanzu ga shi ci ya canza. Da safe Solomon yakan dubi shayi ya ce zai sha a gareji, ya karɓi ƙwayarsa a tafin hannu ya fita. Kular abincin rana da take haɗa masa ta riƙa dawowa kamar yadda ta tafi, har ya ce ta daina wahalar da kanta. Yakan dawo bayan magariba, ya leƙa kwanon tuwo, ya ce ya ƙoshi. Barci ma ya canza. Kafin gari ya waye takan ji ya zame daga shimfiɗa ya fita bayan ɗaki. Wata safiya ta je wurin ta tarar da ledar burodi a cuse cikin ramin bulo.

Ba ta tambaye shi ba. Wancan karon tambaya ce ta fusata shi. Abin da ta yi shi ne abin da aka koya mata a lokacin ciwo. Ta riƙa buɗe kwano a gabansa ta ɗebi loma ta ci, kamar dai tana duba gishiri. Ta kwashe adda da wuƙaƙe ta kai ɗakin hatsi. In wayarta ta yi ƙara takan zaga bayan gida kafin ta amsa.

Solomon ya lura. Ranar da ta ɗanɗana tuwo a gabansa ya dube ta har ta haɗiye. Ya nemi addarsa zai sare reshen mangwaron da yake gogar kwanon ɗaki, ta ce ta ara wa wani, bai tambayi wane ne ba. Bayan haka in ta zaga da waya takan hango shi a taga. Magana ta ragu a gidan. Saloma ta ƙara wannan a cikin alamun da take tarawa: yana leƙenta, ya yi shiru.

Ranar wanki ta sa hannu a aljihun rigarsa ta aiki ta ji wani abu a ƙulle cikin takardar alewa. Ƙwayoyin safe ne. Ta mayar da rigar inda take, ta ɗauke ƙullin.

Da la'asar ta tafi gidan Lukuman da sunan gaisuwa. Matarsa Sa'adiya tana tsakar gida tana suyar ƙosan buɗa baki, ta tura mata kujera da ƙafa saboda hannunta duk ƙullu ne. Sun gaisa, an tambayi Joyce, 'yar Saloma da take makarantar kwana. Sai Saloma ta ce, kamar a cikin hira, ba ta san ko maigidanta yana samun abin ci a gareji ba.

Sa'adiya ta yi dariya. "Saje? Ai shi ka fara kai hannu, Maman Joyce. Kunu kofi biyu shike sha. Na ce ma maigida, wanga soja zai kai mu ga sayen tukunya babba."

Ta ce kullum gab da magariba tana aika kunun tsamiya da ƙosai gareji, kuma kwanukan a wanke suke dawowa. Zancen rana kuwa ba ta sani ba. A watan nan ba mai ci a gareji da rana, kowa ya ɗauka Saje yana zagawa wani wuri ya ci nasa don kunya. Ta ƙulle wa Saloma ƙosai mai zafi ta ce ta kwantar da hankalinta, mijinta lafiyarsa lau.

Hankalin Saloma bai kwanta ba. Da ba ya cin na kowa, da ta ce ciki ne. Yana cin abincin wata da hannu biyu, nata ne kaɗai ba ya taɓawa. Haka aka yi wancan karon. A hanya ta tsaya gindin wani bango ta kira Michael. Ta so ta kira Keziah, amma ta san nas za ta ce a kawo shi, ita kuwa ba ta san yadda za ta kai shi ba.

Michael manomi ne kuma dattijo a cocinsu na Dabai, mutum mai yanke magana da wuri. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya kawo nasa zargin. Ya ce tun farko bai ji daɗin zaman ƙanensa a garejin nan ba. Mutumin da yake zama da su yana jiran kiran salla kafin ya ci, ko dai ciwo ne ya dawo, ko kuma ana jansa ne a hankali zuwa addininsu. Ko wanne ne, motar da za ta kai shi asibiti yake bukata. Ya ce zai zo ranar Lahadi bayan sujada, kada ta nuna komai.

Ranar Lahadi Saloma ta tashi da wuri ta yi tuwon dawa da miyar gyaɗa, wadda Solomon ya fi so, ta rufe, suka tafi coci tare. Ya yi waƙa kamar kowa, ya gaisa da mutane a ƙofa. Da suka dawo akwai mota a ƙofar gida. Michael yana zaune a ƙarƙashin mangwaro da maza biyu daga Dabai, ɗaya ya ɗora jaka a cinya. Direban, wani mai suna Zainulabidin, yana cikin mota ya bar ƙofa a buɗe.

Solomon ya tsaya ya dubi jakar, irin wadda aka kawo igiya a ciki wancan karon, ya dubi matarsa, sannan ya durƙusa ya gaida wansa yadda ya kamata. Michael ya ce sun zo ne su duba shi, domin an ce ba ya jin daɗi. Solomon ya ce bai san da haka ba. Michael ya sa Saloma ta kawo abinci. Ta kawo kwanon tuwo da na miya ta ajiye a kan benci a tsakaninsu, da ruwan wanke hannu.

"Ci mu gani," in ji Michael. "Ka ci, mu sha ruwa mu koma gida."

"Ina azumi, Yaya."

"Azumin wa?"

"Nawa."

"Ka musulunta ne?"

"Yanzu na fito daga coci. Ka tambaye ta."

Michael ya ce ba ita ya tambaya ba. Solomon ya ja kujera ya zauna, ya yi bayani ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce da watan ya kama ya ji nauyin buɗe kula a gaban mutanen da ko ruwa ba sa sha, sai ya bari. Kwana kaɗan ya ga wani abu. Tun da ya fara shan magani, da ya ci abincin rana jikinsa yake mutuwa, barci ya kwashe shi a kan benci, har yaran tasha suna masa dariya. Da ya daina cin rana barcin ya tafi. Ƙarar da yake ji a kansa wajen la'asar ta ragu. Yana kwance injin ya haɗa bai manta ƙusa ba. Ya ce bai ce magani ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Daga nan ya mayar da shi azumi sosai, yana addu'arsa yadda ya saba. Tuwon dare kuwa nauyi yake masa bayan kunu, shi ya sa yake barinsa.

Saloma ta tambaye shi me ya hana shi gaya mata.

"Maman Joyce, a gidan nan in na canza takalmi sai an buga waya."

Ɗaya daga cikin mazan ya yi murmushi, ya gyara fuska da Michael ya dube shi. Saloma ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin takardar alewa ta buɗe a kan benci.

Solomon bai musa ba. Ya ce magani a kulle yake, kuma sai gari ya waye take ba shi, lokacin ya riga ya kama baki. Saboda haka yakan ajiye ta yau ya sha da burodi gobe kafin alfijir. Michael ya ce in haka ne ƙwaya ɗaya ya kamata a samu, wannan kuwa ta fi ɗaya. Solomon ya ce akwai ranakun da ya makara har haske ya fito, sai ya bari. Ya yarda wannan kuskure ne.

Michael ya ce wancan karon ma akwai bayani, kuma shi ma a tsare yake, har wasu suka fara zargin Saloma. Mai wannan ciwo ba ya rasa bayani. Abin da ba zai iya ba shi ne cin abincin wadda yake zargi. Ga tuwo, ga miya.

"Zan ci," in ji Solomon. "Ku jira rana ta faɗi."

Daga mota Zainulabidin ya ce a yi masa uzuri ya sa baki. In tafiyar tana nan, dole su tashi da an yi la'asar. Ba ya bin hanyar nan da duhu, kowa ya san dalili. In aka jira magariba, yau babu tafiya.

Michael ya ce Solomon ya san haka, shi ya sa ya zaɓi magariba. Solomon ya ce ba shi ya sa wa rana lokacin faɗuwa ba. Mai jaka ya gyara zama. Michael ya juya wajen Saloma ya ce ita take kwana da shi a gida, ita ta kira, ita za ta faɗa. In ta ce a tafi, a tafi yanzu.

Saloma ta ce a ba ta lokaci kaɗan. Ta koma bakin ƙofar ɗakin girki ta zauna inda take iya ganin mijinta sosai.

Zafi ya yi yawa. Inuwar mangwaro ta janye daga benci, aka bar kwanukan a rana domin Michael ya ce kada kowa ya taɓa su. Mazan sun sha ruwa sau da yawa. Solomon bai sha ba. Leɓunansa sun bushe, ƙafarsa ta dama tana kaɗawa, amma Saloma ta kasa tuna ko dama haka take yi. Ya ɗauki kara yana zane a ƙasa, ta miƙa wuya ta ga kamar hoton cikin injin ne. Can sai ya yi 'yar dariya shi kaɗai, alhali ba wanda ya yi magana. Saloma ta gani. Michael yana kallon wayarsa, bai gani ba. Wata maƙwabciya ta leƙo da sunan aron turmi, ta ƙare wa kowa kallo, ta tafi ba turmin.

Aka kira la'asar. Zainulabidin ya yi salla a gefen mota, ya naɗe dardumarsa, ya ce yanzu ne ko a fasa. Michael ya miƙe, mazan suka miƙe. Solomon bai tashi ba, amma ya sauke hannuwansa daga cinya ya dafa gefen kujera.

"To?" in ji Michael.

Saloma ta dubi kwanon, ta dubi ƙullin magani. Ba ta da tabbacin komai. Ta san dai in ya shiga motar nan, ko da likita ya ce lafiyarsa ƙalau, ba zai koma gareji ba.

"A jira, Yaya."

Michael ya ce ta ji da kyau abin da ta faɗa, kuma in wani abu ya faru kada ta kira shi da kuka. Ta ce ta ji. Direban ya tayar da mota ya ce in ana bukatarsa gobe a kira shi da wuri. Mazan suka koma suka zauna, sun rasa abin yi da hannuwansu.

Sauran yinin ya fi tsawo. Michael ya fita ƙofar gida ya yi waya da harshensu na C'lela, muryarsa ƙasa ƙasa, Solomon ya bi shi da ido, Saloma ta bi Solomon da ido. Da rana ta yi ja, ƙanshin suya ya fara tasowa daga gidajen maƙwabta. Saloma ta ce bari ta ɗumama miyar. Michael ya hana. Ya ce wannan kwanon aka ajiye, shi za a ci, kada gobe wani ya ce an canza.

Da aka kira magariba a masallacin bakin titi, Solomon ya nemi ruwa ya sha a hankali. Ya sunkuyar da kai ya yi gajeruwar addu'a, ya wanke hannu, ya buɗe kwanukan. Tuwon ya sandare. Ya yanki loma ya dangwali miya ya kai baki. Ya tsaya kaɗan da lomar a bakinsa, mutum huɗu suna kallonsa. Sai ya haɗiye ya yanki wata. Bai yi sauri ba, bai ɗaga kai ba. Ya cinye tuwon, ya suɗe kwanon miya da yatsa, ya ce an gode.

Michael ya ce to, yau dai ya gani da idonsa. Bai ce ya gamsu ba. Ya ce zancen magani yana nan, zancen gareji ma yana nan, kuma zai yi magana da fasto. Solomon ya ce gobe zai je wajen nas da ƙafarsa, kuma shi zai fara magana. Ya raka su bakin titi suka hau kabu-kabu.

Saloma ta ɗauki kwanukan za ta kai wanki. Tun kafin ta isa ɗakin girki warin ya bugi hancinta. Miyar gyaɗa ba ta jure zafi, wannan kuwa tun safe take rufe, rabin yini a rana. Ta lakaci ɗan abin da ya rage a gefen murfi ta taɓa a harshe, ta tofar. Ta yi tsami ƙwarai. Ta tsaya da kwanon a hannu har ta ji ya dawo ya rufe ƙofar gida. Bai ce komai a kan miyar ba, ita ma ba ta ce ba.

Washegari sun makara zuwa asibiti domin cikin Solomon ya ɓaci, ya yi ta zagawa. Keziah ta saurari Solomon har ya gama. Ta yi masa faɗa a kan ƙwayoyin da ya tsallake, ta ce tsallake magani shi ne hanyar da ciwon ya fi dawowa ta cikinta, kuma ba za ta iya cewa yau ko ya yi ɓarna ko bai yi ba. Ta ce akwai masu jin sauƙi a jikinsu da azumi, akwai waɗanda rashin barci da ƙishirwa suke tayar wa ciwo, kuma ba a ganewa sai an sa ido. Ta kira likita a waya, aka yarda a mayar da ƙwayar safe zuwa kafin alfijir, da sharaɗin ya ci abin kirki, ya sha ruwa sosai, ya kwanta da wuri, ya dawo mako mai zuwa. In barci ya ƙi, azumi ya ƙare. Solomon ya nemi a bar maganin a hannunsa. Keziah ta ce ba yanzu ba.

Sannan ta juya wajen Saloma ta tambaye ta ko akwai wani abu kuma da ta gani, ko da ƙarami ne. Saloma ta tuna dariyar da ya yi shi kaɗai a ƙarƙashin mangwaro. Solomon yana ɗaura igiyar takalminsa, ya dakata bai ɗago ba.

Ta ce babu. Keziah ta dube ta ɗan lokaci, sannan ta kira na gaba.